Ruwan da Arɗo Ya Ƙi Sha

Mutum nawa ne za su kwanta da kurkunu kafin ya halatta a miƙa baƙo guda ɗaya ga hukuma? Ban sani ba. Barakatu ma ba ta sani ba, ranar da ta dire ƙwaryar nononta a gindin ɗorawa, ta tsaya gaban saurayinta Lado.

A bayansa ga ƙatuwar motar haƙa rijiyar burtsatse, wadda Turawan wata ƙungiyar agaji suka kawo rugar mahaifinta, Arɗo Jibrin, a bakin dajin Falgore. Kwananta tara a wurin, ko taƙi ɗaya ba ta haƙa ba.

"Yaya Lado, dube ni... Gaskiya ne abin da mata ke faɗa a tafki?"

"Me suka ce, hasken idona?"

"Kar ka haska ni yau! Cewa suka yi ba za a haƙa ba sai an ba da mutum."

Lado ya sunkuyar da kai. Shi ɗan garin Yako ne, tafintan Baturen aikin, kuma sau biyu Arɗo yana karɓar gaisuwarsa da sakin fuska.

"Gaskiya ne, Barakatu. Kin san bayan rikicin 'yan tatsine a Kano wasunsu sun fantsamo dajin nan. Bara sun tare motar ƙungiyar, suka ƙone ta, suka kashe direban. Yanzu Turawan sun yi sharaɗi da gwamnati: duk garin da ke son rijiya, sai ya faɗi baƙin da suka zo masa tun bayan rikicin."

Ta dafe ƙirji.

"Malam Ɗanasabe..."

"Yi a hankali, kar a ji."

"Ni na faɗa maka! Da bakina na faɗa maka, saboda ba na iya ɓoye maka komai... Yaya Lado, ka faɗa musu?"

"Wallahi ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ki sani, rabin raina, kullum na wuce tafkinku na ga yara suna jan ƙafa, sai in ji kamar ni na sa musu ciwon."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta juya, hawaye yana gangaro mata har wuya.

Malam Ɗanasabe ya zo rugar ne shekara guda da rabi da suka wuce, da harsashi a cinya, ya faɗi a bakin garke. Kafin kowa ya tambaye shi daga ina, Arɗo ya riga ya ɗura masa madara da ƙwaryarsa ta kansa. A gidan Arɗo Jibrin kuwa, tun kakanni, wanda ya sha a ƙwaryar maigida ya zama amana. Ko da gaskiya ta fito daga baya cewa ɗan tatsine ne, Arɗo cewa kawai ya yi, "Ya riga ya sha." Aka yi masa bukka a bayan garke, yana tufkar igiya, ba ya shiga harkar kowa.

Da Barakatu ta isa gida, ta tarar da Inna Asabe, mahaifiyarta, a kan tabarma, ƙafarta ta kumbura suntum. Ta durƙusa ta kama tsinken da aka naɗe kan kurkunun a jikinsa, ta murza kaɗan. Farin zaren ya fito kamar faɗin farce, ya tsaya. Haka ake yi kullum, wata biyu ke nan. In aka ja da ƙarfi ya tsinke, ƙafar ta lalace.

"Sannu, Inna..."

"Ke dai murza, 'yar nan. Na saba."

Sai ga muryar Ubale daga rumfar Arɗo. Ɗan ƙanen Arɗo ne, ya daɗe yana son Barakatu, ita kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

"Baffa, ai ni tuni na gane yaron nan. Yaushe ɗan boko mai yawo da Bature ya fara son 'yar ruga don Allah? Leƙen asiri ya zo yi! Ta bakinta ya ji komai. Gobe za ka gani, da 'yan sanda za su zo."

"Barakatu!" Arɗo ya kira.

Ta zo ta durƙusa.

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa, Baffa... amma ya rantse..."

"Ya isa. Daga yau kar in sake ganin ƙafarsa a nan. Ku kuma shaida: ruwan da aka saya da mutum, ba zai taɓa wucewa ta maƙogwarona ba."

"Baffa, Inna fa? Yaran nan fa?"

Arɗo ya dubi inda matarsa take kwance. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kawar da kai.

Da la'asar ta kai wa baƙon fura kamar kullum. Ya ɗago ido daga igiyarsa.

"'Yar Arɗo, me ya hana motar can aiki? Kullum ina kasa kunne in ji kukanta, shiru."

Ta yi niyyar ta ce ba ta sani ba. Amma zuciyarta ta cika.

"Kai ne, Malam! Kai ka hana ta! Saboda kai Inna za ta rasa ƙafa, saboda kai aka raba ni da..."

Ta toshe bakinta da mayafi. Shi kuwa ya ajiye igiyar a hankali.

"Babu wanda ya faɗa mini," ya ce. "Kin san na kashe mutum? Wani tela ne. Ban san sunansa ba. An ce mana duk wanda ba namu ba halal ne, na yarda. Har yanzu in na rufe ido ina ganin zaren da ke rataye a wuyan rigarsa."

Barakatu ta ja da baya, tsigar jikinta ta tashi.

"Ki tafi, 'yar Arɗo. Allah Ya yi miki albarka, furarki ta yi daɗi."

Washegari da hantsi aka taru a gindin ɗorawa. Ga Baturen, fuskarsa ta yi ja da rana. Ga wani jami'i daga Tudun Wada da 'yan sanda biyu. Mata suka tsaya nesa, Barakatu tana cikinsu. Baturen ya yi magana, Lado ya fassara.

"Ya ce ba don mugunta ba ne. Ya ce shi ya kai wa matar direbansa labarin mutuwarsa, ba zai sake kai wa wata ba. In gari ya tsare musu bayansu, su kuma za su ba shi ruwa."

Arɗo ya ce, "Ka ce masa na ji, kuma Allah Ya jiƙan direbansa. Amma abin da ke gidana, nawa ne."

Ubale ya matsa kusa da jami'in, ya raɗa masa magana. Lissafinsa mai sauƙi ne: in Lado ya faɗa, Arɗo ya tsane shi har abada, in ya ƙi, a tafi da shi.

Jami'in ya juya.

"Kai tafinta! An ce ka san wanda ake ɓoyewa. Haka ne?"

Barakatu ta zuba wa Lado ido.

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To, faɗi!"

"Amana aka ba ni. Ba zan faɗa ba."

"Ka san aikinka ya tafi? Ka san inda za ka kwana?"

"Na sani."

Ɗan sanda ya riƙo hannunsa. Barakatu ta manta da kunya, ta manta da idon Baffa, ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo, Yaya Lado!"

"Ku sake shi."

Kowa ya waiwaya. Malam Ɗanasabe ne yake tahowa daga bayan garke, yana ɗingishi, sanye da farar rigar da Arɗo ya ba shi ranar salla. Shanu suka dare masa hanya. Wurin ya yi tsit, har ana jin faɗuwar ganyen ɗorawa.

Arɗo ya miƙe zumbur.

"Koma! Wa ya kira ka? Ka sha a ƙwaryata!"

"Na sha, Arɗo, kuma ka cika amana. Ku shaida, bai miƙa ni ba, ni na kawo kaina." Ya juya ga jami'in ya miƙa hannuwansa biyu. "Ni ne. Akwai jinin mutum a wuyana. Na kuma san kogon da sauran suke, na san kasuwar da suke shirin faɗa wa. Zan kai ku."

Baturen ya cire hularsa, shi kansa bai san ya cire ba. Barakatu ta tsaya tana kallon mutumin da jiya ta ji tsoronsa, ta rasa abin da za ta kira shi a zuciyarta: mai kisa, ko mai ceto? Ubale dai ya sulale, ba a sake jin bakinsa ba.

A ranar motar ta fara kuka.

Kwana shida tana cin ƙasa, tana tofar da jar laka, sannan farin garin dutse. A na bakwai ƙasa ta yi wani gurnani, sai ga ruwa ya yi tsiri sama, ya fi ɗorawa tsawo, fari tas, rana tana walƙiya a cikinsa! Mata suka rangaɗa guɗa. Tsofaffi suka yi ta salati. Barakatu ta buɗe tafukanta, ruwan ya sauko mata a fuska da sanyin da ba ta taɓa ji ba.

"Ashe duk shekarun nan yana ƙarƙashin ƙafarmu..." ta faɗa a hankali.

Arɗo bai zo ba.

Aka kafa famfo. Ƙafar Inna ta warke. Amma kullum da safe Arɗo zai ɗauki gorarsa ya nufi tsohon tafki, ya kore kainuwa da hannu, ya ɗebo koren ruwa. Maganar Lado kuwa, in Barakatu ta ɗauko ta, sai ya ce, "Yaron kirki ne, na zalunce shi. Amma motarsu ce ta cinye mini baƙo. In na gan shi, ita nake gani."

Wata huɗu aka yi a haka, Barakatu ta rame har awarwaronta yana zamewa.

Ran nan da safe, Arɗo ya fito da gorarsa, sai ga Lado tsaye a bakin famfo, ƙafafunsa duk jar ƙasar hanya. Barakatu tana wurin da ƙwarya. Lado ya durƙusa har ƙasa.

"Baffa, na san ka hana ni zuwa. Saƙo ne ya kawo ni. Daga gidan yari nake, a Kano, wurin Malam Ɗanasabe."

Arɗo ya dire gorar a ƙasa.

"Yana raye?"

"Yana raye, ana jiran shari'a. Abu ɗaya ya yi ta tambayata: wai ruwan yana da daɗi? Na ce masa kowa ya ce da daɗi, sai kai da ba ka taɓa sha ba. Sai ya yi kuka, Baffa. Ya ce in faɗa maka, shi ya sha naka lokacin da ba shi da komai. Yanzu ruwan nan ne kaɗai abin da ya mallaka a duniya... Ya ce don Allah kar ka mayar masa da ƙwaryarsa."

Arɗo ya dubi hanyar tafki. Ya dubi famfon.

"Barakatu."

"Na'am, Baffa..."

"Ba shi ƙwaryar nan. Shi aka aiko, shi zai ba ni."

Ta miƙa wa Lado, yatsunsu suka haɗu. Ita ta kama hannun famfon ta tuƙa, shi ya tara har ta cika, ya miƙa da hannu biyu.

"Ka ce wa magabatanka su zo ran Juma'a," Arɗo ya ce, bai dube shi ba. "Ka kuma koma ka ce wa baƙona na karɓa."

Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Bai ɗago ba sai da ƙwaryar ta ƙare.