Rijiyar da Ɗantala Ya Rufe

Rana ta gama nitsewa a bayan duwatsun Adar, garin Madawa ya yi tsit irin na bayan magariba. Dije tana kwashe tuwo a bakin murhu, ɗiyarta Balki tana goge ƙwan fitila. Maigidan, Ɗantala, yana kishingiɗe a tabarma yana kallon sabon kwanon da ya ɗora wa gidan, ransa fari ƙal.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafarsa.

"Yaran unguwa na," in ji shi.

Ya ɗauka zai jefar, sai ya ji shi a jiƙe, da sanyi da gansakuka, kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa. Ga shi ana tsakiyar bazara, ko ɗigo ba a yi ba.

Ɗantala mutumin Galma ne, da can dillalin albasa. Bayan babbar yunwar nan da ta sa mutane suka bar gidajensu suka nufi kudu, ya gano wata sana'a. Sai ya sayi kango da araha, ya yaɓe, ya sa kwano da ƙofar ƙarfe, ya zuba malaman lakwal, wato makarantar boko, da jandarmomi haya, ko ya sayar ya ci riba ya nemi wani. Wannan gidan ya same shi ne daga magadan wani tsoho Ba'azne, mai bin addinin gargajiya. A tsakar gidan akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Ɗantala ya ga filin ya yi yawa a bar wa rami, ya sa magina suka rufe bakinta da siminti, ya tayar da ɗaki a kai, ɗakin da ya fi duk sauran kyau.

Amma gidan ya ƙi riƙe 'yan haya. Malamin lakwal na farko bai cika wata ba ya kwashe kayansa. Wanda ya biyo shi ya ce ana ƙwanƙwasa daɓe daga ƙasa. Magana ta fara yawo a kasuwa. Da wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya nuna yana son sayen gidan, sai Ɗantala ya kwaso iyalinsa ya tare a ciki, don a gani da ido cewa lafiya lau ake kwana. Ɗakin nan mai kyau ya ba Balki.

Daga wannan maraice jifa ba ta fasa ba. Da an sallame magariba take farawa. Sannan aka shiga jin murya, ta mace, tana zagaya ɗakin Balki tana kira a hankali, kiran da uwa ke yi wa yaron da ya yi nisa. Ba a gane sunan da take kira. Dije ta roƙi Ɗantala su koma Galma.

"Mu ɗan daure," ya ce, bai dube ta ba. "Mai saye na nan tahe. In munka tashi yanzu, wa zai kuma taka gidan ga?"

Ranar Laraba da almuru suka nemi Balki suka rasa. Ɗantala ya tura ƙofar ɗakinta, ya same ta durƙushe a tsakiya, tana tonon siminti da farce. Yatsunta duk jini. Ya kira sunanta. Ta juyo, idanun nata ne, amma abin da ke kallonsa daga cikinsu bai san shi ba. Ya kama hannunta, ta wurgar da shi har ya bugi bango, yarinyar da tulu ma sai an ɗora mata.

Ta daina ci, ta daina magana. Sai an ɗaure ta da zane take barin daɓen. Ɗantala ya hau motar kasuwa ya tafi Karofan, ya dawo da Malam Isiyaku, tsoho siriri mai ƙaramar murya, wanda aka ce iskoki na jin maganarsa.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya yi alwala, ya zauna a gaban yarinyar, ya fara karatu yana tofawa a ƙwaryar ruwa. Duhu ya shigo. Harshen fitila ya kwanta gefe ɗaya ba tare da iska ba. Can sai Balki ta miƙe zaune, ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, a dishe, kamar wadda ta gaji da kuka.

"Bar ƙona ni, Malam. Ni anka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Mai rijiya. Tun garin ga na daji nike nan. Tsohon da ya mutu bai taɓa ɗora ko faifai bisa bakinta ba."

"Mi yarinya ta yi miki?"

Kan Balki ya juya sannu a hankali har ya tsaya a kan Ɗantala.

"Ranar da ya ruhe rijiya na tahi fadama. Ɗiyata na ciki tana kwana. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina jin ta, ba ni iya kai gare ta. Ya riƙe tawa, na riƙe tashi."

Ɗantala ya dubi daɓen. Ya tuna ƙwanƙwasar da ɗan haya ya faɗa masa, da dariyar da ya yi masa a lokacin.

"Za a buɗe," in ji Malam. "Ki ɗauki taki, ki saki tasu, ki bar gidan."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ba a zub da jini don ke. Bakin rijiya kaɗai za ki samu. Ki rantse da Wanda ya halicce mu da ku."

Sannan muryar ta ce, "Na rantse. Amma shi zai fasa, da hannunai."

Ɗantala ya ɗauko diga. Ya sari simintin da ya yi alfahari da shi, ya sake sara, gumi na shiga masa ido. Daɓen ya tsage. Wani sanyi ya taso daga ramin, da warin tsohon ruwa. Fitila ta mutu. A cikin duhun suka ji wani ɗan siririn kuka ya hau daga ƙasa, ya wuce ta tsakaninsu, wata murya ta tare shi tana rarrashi. Sautin ya fita tsakar gida, ya haye katanga, ya yi ta nisa wajen fadama har ya ɓace.

Balki ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa.

Da aka kunna fitila, Dije ta rungume ta tana kuka. Yarinyar ta nemi ruwa ta sha. Ɗantala ya durƙusa kusa da ita. Washegari da kansa ya aika wa ma'aikacin duwan cewa gidan ba na sayarwa ba ne, ya sa aka rushe ɗakin har tushe. Amma abin da ya bi shi har tsufansa shi ne abin da Balki ta faɗa masa a daren da ya fasa daɓen, tana kallon ramin da idanunta na gaskiya.

"Baba, na gan ta. Ƙarama ce, ko tahiya ba ta iya ba. Duk ta rame."