Sojojin Dalma na Malam Umara

Wata Talata a shekarar 2003 Zaharadeen ya shiga wani shagon buga takardu a Dutse, rungume da ambulan kamar mai ɗauke da jinjiri. Yarinyar da ke gaban kwamfuta, Ikilima, sai da ya yi sallama sau biyu sannan ta ɗago.

"Fotokwafi nake so," in ji shi. "Amma don Allah a hankali."

Ta zaro abin da ke ciki. Ɗan siririn littafi ne na Turanci, ba bango, gara ta ci gefensa, rubutun ya koɗe.

"Malam, inji ba zai ga wannan ba. Sai dai in sake buga shi da hannu. Littafin mene ne?"

"Dokokin wasan yaƙi ne, irin yaƙin mutanen da, na takobi da giwaye. An daina buga shi tun kafin a haife ki."

Ta dube shi da kyau. Dogon saurayi, malamin tarihi a sakandare, da alli a hannun riga, wai yana maganar wasa da fuska kamar ta mai ta'aziyya. Dariya ta zo mata, ta danne.

Kwana tara ta yi tana bugawa. Ranar da ya zo karɓa ta riƙe takardun ta ce, "Shafi na sha tara ya ce idan sarkin yaƙi ya rubuta umarni, ba a canja shi sai ɗan aike ya isa ga runduna. To idan aka kashe ɗan aiken a hanya fa?"

"Sai runduna ta ci gaba da abin da aka ce mata, ko rami ne a gabanta."

"Kai, wannan wasa ba shi da tausayi."

Tun rasuwar mahaifinsa babu wanda ya taɓa yi masa tambaya a kan littafin nan don yana so ya sani. A nan gaban injin fotokwafi son ta ya kama shi, ya fita ya bar hularsa a kan benci.

Asalin abin na Malam Umara ne, mahaifinsa. Wani Bature da suka yi koyarwa tare ya bar masa littafin da akwatin sojojin dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba: Rumawa da Farisawa, mahaya, 'yan baka, giwaye huɗu, duka ɗari biyu da goma sha biyu. Sun zo ba fenti. Malam Umara ya yi shekara goma sha biyar yana yi musu fuska ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinke. Da ya zo kan sarkin yaƙin Rumawa, don tsokana sai ya zana masa nasa farin gemun, da tabon salla a goshi, har da tabarau. Ya rasu a 1997, kuma hoton da yake da shi guda ɗaya ruwan damina ya cinye shi. Wannan ɗan gunkin dalma ne kaɗai fuskarsa da ta rage a duniya.

A ɗakin zauren gidansu a unguwar Yalwawa ake yaƙin, kan tsohon ƙyaure da aka ɗora a bulo. Ƙoƙo a kife shi ne tudu, tsumma shuɗi shi ne kogi, tef ɗin tela shi ke auna tafiyar doki, ƙwayar ludo kuma ita ke faɗin wanda ya faɗi. Abokin wasansa ɗaya ne, Ɗayyabu, ma'aikacin sakatariya, wanda bai taɓa karanta dokokin ba, kullum kuma yana cewa an cuce shi.

Ikilima ba ta da halin shiga ɗakin saurayi, don haka ta waya suka riƙa yi. Ta karɓi Farisawa. Bayan la'asar sai saƙonta ya shigo:

"Yaya Deeni, mahayana su bi bayan tudu, giwaye su tsaya bakin kogi kada su tsallaka. Ka auna da gaskiya, Allah yana kallonka. Ka ci abinci kuwa?"

Sai ya auna, ya jefa, ya mayar:

"Sarauniyata, mahayanki sun karya min ɓangaren hagu, mutum sha ɗaya sun faɗi. Ban ci ba, baƙin ciki ya hana ni. Ina son ki duk da haka."

Sau shida a jere ta ci shi, ba ta taɓa ganin teburin da idonta ba.

Ɗayyabu ya ga an maye gurbinsa, kuma shi ma ya daɗe yana ratsawa ta shagon ba don takarda ba. Da ya ji magabatan Zaharadeen suna shirin zuwa neman aure, sai ya riga su gidan Malam Gwadabe, mahaifin Ikilima, ya durƙusa ya ce shi nasiha ta kawo shi: yaron nan gumaka yake ajiyewa a ɗaki, kuma caca yake yi a kansu.

Malam Gwadabe ba mugu ba ne. Mutum ne da tun da aka ƙaddamar da shari'a ya sauke kalanda mai hotuna daga bangonsa, ya fasa tsuntsayen tangaran na matarsa da hannunsa, ya sha fushinta wata guda. Ya aika aka kira Zaharadeen.

"Kuɗi kuke sawa?"

"Ko kwabo, Allah ya gafarta Malam. Ƙwayar ludon kuwa yau zan yar da ita."

"Na yarda da kai. Amma siffofin fa? Suna da ido da baki?"

"Suna da su. Mahaifina ne ya yi musu."

Malam ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Umara. Ni abin da na karanta, mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da siffa, kuma ba zan kai 'yata irin ɗakin ba. Ban ce ka zubar ba. Siffa idan aka cire mata kai ta tashi daga siffa. Ka cire musu kawuna, ka dawo mu yi magana."

Zaharadeen ya ce to, ya yi godiya, ya fito.

Daga ranar wayarsa ta yi shiru. Ikilima ta aika saƙo uku, ba amsa. Ta rame, ta riƙa buga wa mutane takardu da kurakurai. A kwana na takwas Ɗayyabu ya jingina da ƙofar shagon ya ce, cikin muryar tausayi, "Ai Zaharadeen da bakinsa ya gaya min, ba zai yanka ubansa saboda mace ba."

Da ya tafi ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta:

"Yaya Deeni, na ji abin da ka zaɓa, kuma wallahi ban ga laifinka ba. Da ni ce ma ban san yadda zan yi ba. Na yafe maka alƙawarinka. Ka riƙe Babanka. Ciwon da na ji kawai shi ne da ba ka faɗa min da kanka ba."

Saƙon ya same shi zaune a ƙasa da filaya a hannu. Shi bai taɓa faɗa wa Ɗayyabu wannan magana ba. Tun ranar da ya dawo yake yankan, sai dai hannunsa ba ya iya wuce ashirin da ɗoriya a yini. Kowace fuska ya san ranar da aka yi ta: wannan ranar da ya ci jarrabawa, wancan mai karkataccen ido ranar da ya ture hannun Baba da gudu. Ya yi shiru ne don ya san idan ya ji muryarta za ta ce ya bari, shi kuma zai bari. Ya amsa:

"Sarauniyata, ƙarya aka yi miki. Saura guda ɗaya. Ki yafe min shirun, wauta ce irin tawa. Gobe bayan la'asar ina zauren Babanki."

Ya zo da akwatin a ka. Ya buɗe a gaban Malam Gwadabe: sahu-sahu na mayaƙa da garkuwa da mashi, wuya a guntule, dawakai da giwaye su ma haka. Kawunan suna cikin gwangwanin madara. Ikilima tana bayan labulen ƙofar cikin gida, tana jin komai.

Zaharadeen ya zaro na ƙarshen daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ajiye filayar kusa da shi.

"Baba, wannan ne ya gagare ni ni kaɗai. Na kawo shi in yi a gabanka, ko kunyarka za ta ba ni ƙarfi."

Malam ya ɗauka ya kai kusa da idonsa. Ya ga gemun, ya ga tabon, ya ga tabarau.

"Innalillahi. Shi ne kuwa. Haka yake kallon mutum ta saman gilashi."

Daga bayan labule muryar Ikilima ta fito. "Baba, don Allah a bar masa wannan ɗaya. Ko a gidan wani a ajiye."

"Ikilima, da zan iya halatta miki ɗaya, da na halatta duka. Ba ni na yi hukuncin ba, kuma ba zan kai wa wani gida abin da na hana nawa ba."

Zaharadeen ya kai hannu ga filayar. Malam ya riƙe masa wuyan hannu.

"A'a. Ɗa ba ya yi wa uba wannan. Ka kalle shi ka ƙoshi, in ka gama ka juya baya."

Zaharadeen ya kalla har hawaye suka hana shi gani, sannan ya juya ya fuskanci bango. Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba. Ikilima ta fashe da kuka a ciki.

Malam Gwadabe ya goge idonsa da bakin rawani ya ce, "Ni na raba ka da fuskar uba, dole in biya ka. Daga yau tawa za ka riƙa kallo, ko ba ta kai tasa ba. Ka turo magabatanka ranar Juma'a. Na ba ka ita."

An ɗaura aure bayan girbi, a ƙofar gidan Malam. Ɗayyabu bai zo ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, Zaharadeen ya kai amaryarsa ɗakin zaure. Wannan ne ganinta na farko da rundunar da ta yi wata bakwai tana jagoranta. Ta tsaya da hannunta mai lalle a baki, tana bin sahun guntayen wuyoyi da kallo.

"Saboda ni ka yi wannan."

"Saboda ke, kuma ban yi nadama ba. Yana min ciwo dai, ba zan ɓoye miki ba."

Ta zauna a bakin ƙyauren ta nuna ɗan baka na farko a sahu. "To faɗa min yadda fuskar wannan take. Ka bi su ɗaya-ɗaya, ina da lokaci."

Ya fara faɗa mata, ita kuma ta riƙe hannunsa. Azahar ta yi ba su gama sahu na biyu ba.

Allah ya jiƙan Malam Umara, ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuriyar da za ta yi musu biyayya kamar yadda suka yi.