Mai Shan Wutar Motar Mwanaisha

Rana ta kusa faɗuwa Mwanaisha ta gama loda kifi a bakin tekun Kilwa, ta zuba ƙanƙara, ta rufe da tamfol. Motar akori-kura ce da ta gada daga mahaifinta, tsohuwa, fentinta ya koɗe. Marigayin mai gyaran wutar mota ne, a gindinsa ta girma tana miƙa masa sifana. A gefenta Bi Mwatumu ce zaune, dattijuwar da suke fataucin kifi tare, tana ɓare dafaffen rogo.

Wata uku ke nan motar na wahalar da ita. An sauya batir, an sauya altaneta mai cajin batirin, duk a banza. A gari lafiya lau take caji. Amma da sun iso tsohuwar gadar da ke kan fadamar gishiri, sai jar fitilar batir ta kama.

Yau ma suna isowa gadar ta kama.

"Na gaya miki ki yanka baƙin zakara a wurin nan, kin ƙi," in ji Bi Mwatumu. "Taurin kanki ya fi na jaki."

"Inna, zakara zan ci da tuwo. Mota kuwa waya ce da ƙarfe. Yau sai na ga abin da ke damunta."

"Yanzu? Da magariba? 'Yar nan, taka mu wuce!"

"In na taka, a tsakiyar daji za ta mutu, kifinmu ya ruɓe. Zauna ki riƙa ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Kada ki bari ta mutu, don batirin ba zai sake tada ta ba."

Ta tsaya a bakin gadar, ta bar injin yana aiki. Dattijuwar ta matsa kujerar direba tana mita. Mwanaisha ta ɗaga bonet, ta ciro tocila da mitar awon wuta ta mahaifinta daga aljihu.

Ta haska fambel, bel ɗin da ke juya altaneta. Yana juyi daidai, ba ya kuka. Ta girgiza kan batir, a ɗaure yake tamau, babu farin garin nan da ke cin ƙarfe. Ta duba fiyus, lafiyarsa ƙalau.

Ta ɗora mita a bayan altaneta. Sha huɗu da ɗoriya. Wuta tana fita kamar yadda ya kamata.

Ta ɗora a kan batir. Sha ɗaya. Tana kallo lambar ta ƙara sauka.

To, tsakanin nan da can wutar ke ɓacewa. Waya ɗaya ce mai kauri ta haɗa su, tsawonta bai fi kamu biyu ba.

A lokacin ta lura kwaɗin fadama sun yi shiru. Sauro ma sun daina kuka. Warin fetur da ƙarnin kifi suka gushe, wani wari ya maye gurbinsu, na laka mai sanyi da tsohon turaren wuta.

"Mwanaisha," Bi Mwatumu ta kira ƙasa-ƙasa. "Fitilun gaba suna mutuwa."

"Ci gaba da ba ta wuta, Inna."

Ta zura hannun dama ta kama wayar, tana bin ta da yatsu. Inji ya ɗauki zafi, amma wayar sanyi ƙarara. Ta ƙara zurawa har gwiwar hannu, can ƙarƙashin kujerar batir inda ido ba ya kai wa.

Yatsunta suka taɓa wani abu mai laushi.

Leɓe ne.

A jiƙe yake, a manne da wayar, yana motsi a hankali. Ta ji sautin tsotsa, irin na jariri a nono.

Kafin ta janye, wasu yatsu dogaye suka naɗe mata wuyan hannu. Sanyi ya ratsa ta har kafaɗa.

Murya ta fito daga cikin injin, siririya, kamar iska ta ramin ƙofa.

"Mahaifinki yana bari na sha."

Nan take ta tuna. Duk ranar da suka biyo hanyar nan tana ƙarama, sai Baba ya tsaya a wannan gada, ya ce zai kama ruwa, ya bar mota a kunne. Yakan dawo fuskarsa a murtuke, ya ja motar su wuce.

Haushi ya fi tsoro yawa a ranta. Shekara da shekaru ke nan abin nan yana tsotsar gumin tsohonta.

"Baba ya rasu," ta ce. "Motar tawa ce yanzu. Ban ba ka ba."

"Ina jin sanyi."

"Ka je ka nemi rana."

Riƙon ya ƙara tsanani. Injin ya fara tari. Fitilu suka koma ja kamar garwashin da ke mutuwa.

"In babu wutar mota, akwai ta jikinki," in ji muryar.

Ta ji ɗumin hannunta yana zurarewa. Yatsunta suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Inna!" ta daka tsawa. "Miƙo mini jar wayar da ke ƙarƙashin kujera!"

"Ba zan fito ba!"

"Ta taga! Kada ki ɗaga ƙafarki!"

Wayar ta faɗo kan mudugadi. Wayar haɗa batir ce, mai baki kamar na kada a kowane gefe. Mwanaisha ta cafe ta da hagu. Ta danna baki ɗaya a bayan altaneta. Ɗayan ya suɓuce mata. Ta sake kamawa.

"Bismillahi."

Ta danna shi a kan batir.

Tartsatsi ya tashi. Wuta ta bar tsohuwar waya ta bi sabuwa. Fitilu suka haske gadar fes.

Abin ya yi ƙara, ƙarar da ba ta mutum ba, ba ta dabba ba.

Yatsun suka saki.

Ta buga bonet, ta tura dattijuwar gefe, ta ja giya da hagu. Wani abu ya bi su yana yaƙushin ƙarƙashin motar, ƙiii, ƙiii, har suka sauka daga gadar. Daga nan sai kukan kwaɗi.

Ba ta sassauta gudu ba sai da suka hango fitilun gari.

"Gobe sai ki sayar da motar nan," in ji Bi Mwatumu.

"Gobe akwai kifi, Inna."

Washegari ta cire tsohuwar wayar. A tsakiyarta roba ta cinye, ga sawun haƙora ƙanana jere a jikin jan ƙarfen. Ta saka sabuwa, motar ba ta sake ƙin caji ba.

Hannunta na dama ne bai koma daidai ba. Ko da tsakar rana sanyi ne da shi. Agogo ba ya kwana a wuyansa bai tsaya ba, wayar salula in ta riƙe ta minti biyar sai ta mutu. Jikokin Bi Mwatumu ba sa yarda ta shafa musu kai.

Mwanaisha ta koyi kama sifana da hagu.