Jakar da Ta Biyo Bayan Umma

Ranar ba ni da aiki. Rakiya kawai na yi wa Umma zuwa filin jirgi. Za ta je wurin Yaya da ta haihu, kuma shi ne hawanta jirgi na farko. Rana ta kusa faɗuwa muka isa, tana ta tambayata ko tagar jirgi tana buɗuwa.

Ban daɗe da gama jami'a ba na samu aiki a wannan filin, a sashen binciken fasinjoji. Farfesa abokan aikina suke ce mini, don kullum da sabuwar shawarar da zan kawo. Oga, shugaban sashenmu, yakan ce, "Farfesa, ki bar mu mu sha iska mana."

Yana hango ni ya yafito ni. Lokacin canjin ma'aikata ne, masu rana sun zare jiki, masu yamma ba su ƙaraso ba.

"Allah ne ya kawo ki. Riƙe mini allon nan, yanzu zan dawo."

"Oga, ko kayan aiki ban sa ba."

"Injin ina ruwansa da kayanki? Zauna."

Injin da ke haska jakunkuna yana da wata dabara. Lokaci-lokaci yakan jefa hoton wuƙa ko bindiga na ƙarya a cikin hoton jakar mutum, don a gane ko mai kallo gyangyaɗi yake. In ka gani sai ka danna jan maɓalli. In gwaji ne, hoton zai ɓace. In bai ɓace ba, abin na gaske ne. Sai dai mutanenmu sun saba. Duk abin da suka gani dannawa suke su saki bel ɗin da ke jan jakunkuna, ba mai tsayawa ya duba ko ya ɓace. Na sha yin magana a kan haka har bakina ya gaji.

Jakar Umma ta wuce. Zannuwa, magunguna, 'yan kayan jariri. Umma ta ɗaga mini hannu tana gaya wa matar da ke kusa da ita, "'Yata ce fa." Ta shige ɗakin jira.

Sai wata jaka ta biyo bayanta. Baƙa ce, ta fata, duk ta ƙoƙe. Tun kafin ta shiga labulen injin na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta cikin tsohuwar rijiya.

Na dubi allo.

Ba kaya a ciki. Wani abu ne a dunƙule, gwiwoyi a ƙirji, dogayen hannaye sun zagaye jikin har sun haɗu ta baya. Yatsun sun yi yawa.

Na danna jan maɓalli. Bai ɓace ba.

Hoton injin ba ya motsi, a daskare yake. Amma ina kallo kan abin ya juyo.

"Me ya tsayar da layi?" Oga ne a bayana.

"Duba nan."

"Gwaji ne. Saki."

"Bai ɓace ba, Oga."

Bai kalli allon ba. Idonsa na ƙasa, zufa na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin. Ya sunkuyo, muryarsa can ciki.

"Irin wannan kan zo da almuru. Dannawa muke mu saki."

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai.

"Ina mai jakar nan?" na tambaya.

Mutumin yana tsaye a ɗaya ɓangaren, ya riga ya wuce ƙofar bincike. Dogo, cikin riga ruwan toka. Na dubi mai laluben maza, ya girgiza kai. Bai ga wucewarsa ba. Ƙofar ma ba ta yi ƙara ba.

Na nemi takardarsa ta shiga jirgi. Ya miƙo. Takardar da danshi.

Jirgin Umma ne. Kujerar da ke manne da tata. Ni na zaɓa mata gefen taga da hannuna.

Na sunkuci jakar. Ba nauyi ko kaɗan, amma da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi. Oga ya riƙo gefen mayafina.

"Farfesa, babu ruwanki. Ba mu taɓa tsayar da su ba."

"Mahaifiyata ce a ciki," na ce.

Ya sake ni.

Ɗakin bincike ƙarami ne, ba taga. Tebur ɗaya, fanka mai ƙugi, warin safar roba. Mutumin ya biyo ni. Ban ji takunsa ba. Na dai ji ƙofa ta rufe.

Lasifika ta fara kiran fasinjojin jirgin.

"Za ki sa in rasa jirgi," in ji shi a hankali.

Da muryar Umma ya faɗa.

Na ja zik ɗin.

Ba komai a ciki. Baƙar ƙasa kawai a kusurwoyi. Sai wani numfashi ya fito, ya taɓa fuskata.

Fanka ta tsaya.

Na kama hannun jakar da hannu biyu, na jingina bayana da ƙofa. Abu ɗaya na sani. In aka rufe ƙofar jirgi, ba mai sake buɗe ta.

Kiran ƙarshe.

Wani abu ya naɗe wuyan hannuna. Sanyi. Yatsa bayan yatsa, ba su ƙarewa.

"Wuri yake nema," in ji muryar. "In ba can ba, nan."

Na so in yi addu'a, harshena ya ƙi ɗaguwa.

Yatsun suka hau kafaɗata.

Suka zagaye wuyana.

Ban saki ba.

Can nesa na ji rurin jirgi, ƙasa ta yi rawa, ƙarar ta yi sama. Sai aka banko ƙofar ta baya, na kife. Oga ne ya jawo ni waje ta ƙafa. Ɗakin wayam. Ba mutum, ba jaka.

Umma ta sauka lafiya. Ta ce kujerar kusa da ita ba kowa, har miƙe ƙafa ta yi.

Oga bai ƙara tada maganar ba, kuma ya daina tsayawa a bayana. Ni ma ban gaya masa cewa tun daga ranar akwai wani ɗumi tsakanin kafaɗuna ba, wanda ke miƙa duk sanda jirgi ya tashi. A ƙofar ma'aikata nakan tsaya in ce a bincike ni. Sai su yi dariya. "Haba Farfesa, ke da mu? Wuce kawai."

Jiya Umma ta sake kira, jaririn na kuka a kusa da ita.

"Wai yaushe za ki zo ki ga ɗanki? Yayarki ta ce ita za ta yanka miki tikiti."

Abin da ke bayana ya riƙe numfashi, yana sauraro.

"Aiki ya yi yawa, Umma," na ce. "Ki dai turo mini hotonsa."