Bindigar da Ta Sha Man Shanu

A faɗar Kalilu, tun ranar da aka ci Alkalawa ba a taɓa cutar wani Bagobiri irin cutar da mai sayar da bindigar nan ya yi mashi ba. Shi da kan sayar wa mutum akuyarsa ta kansa har mutumin ya yi godiya, a ce shi aka ɗora wa ƙaramar bindiga mai taurin kunama? A ɓoye ya saye ta saboda ɓarayin daji da suka addabi garinsu Gangara, ya sa yatsa biyu ya ja, kunama ta ƙi motsi.

Washegari ya dawo daga gona da ƙoƙo cike da man shanu, ya ce wa matarsa Kande wata mai tallan nono ce ta sayar mashi a hanya. Ya shafe ƙarfen ciki da waje. Sauran man ya miƙa wa ɗiyarsa Firdausi ta sa a tuwonta.

Kunama ta saki, har fiye da yadda ya so.

Ana kiran magariba yana alwala, sai ya ji ƙyas daga ɗakinsa. Ya leƙa. Ɗan ƙarfen da ke bayan bindigar ya ja baya ya tsaya, kamar yadda yake yi in za a harba. Kalilu ya zagi mai sayarwa har kakanninsa, ya zare harsasai ya zuba aljihu, ya juya bakinta ga bango.

Magaribar da ta biyo, ƙyas ɗin ya sake zuwa. Bakin bindigar ya bar bango, ya daidaita da ƙofar ɗakin Firdausi, mai yana ɗiga daga cikinsa, sabo, da ɗuminsa. Ya laluba aljihu, harsashi guda babu. A cikinta ya same shi.

Sai tsakuwa ta fara sauka bisa kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Awaki suka daina tuƙa. Kande ta ɗaga labule ta tarar da Firdausi zaune tsakar ɗaki, kai sunkuye, tana kai hannuwa tana kawowa kamar mai kaɗa nono a gora, alhali ba komai a hannunta.

"Malam," Kande ta ce wa mijinta a hankali, "zo ka ga ɗiyarka. Ba ita ta ba."

Kafin wata magaribar aka ɗauko Malam Jibrilla mai ruƙiyya daga Sabon Birni. Ya sa aka ajiye bindigar bisa tabarma, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Tsakuwa ta tsaya. Firdausi ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Mi kike biɗa ga ɗiyar mutane?"

"Maina nike biɗa. Makiyayi ya aje man shi gindin tsamiyata. Baki biyu sunka sha shi, bakin ƙarfe da bakin ɗiya. Abin da yas sha maina, nawa na."

"Aje maki abu haramun na. Kama ɗiyar Musulmi zalunci na."

"Sata fa, Malam? Ita halas ta?"

Malam ya waiwaya ya dubi Kalilu. Kalilu ya gyara hula ya dubi rufi.

"Ɗauki ƙarfen ki bar yarinya," Malam ya ce.

"Za ni ɗauka, in ɓarawon ya kira sunan kai nai. In ya ƙiya, ɗayan ya ci ɗayan, in kwashe su duka."

"Allah shi gafarta Malam," Kalilu ya ce, "garin ga wa ka kwana ba bindiga? Kuma ni mutum na mai suna. Laifin wancan macuci na da yas sayar man da..."

Ƙyas.

Ba wanda ya taɓa bindigar. Tana jan jiki bisa tabarma, a hankali, bakinta na neman ƙirjin Firdausi. Kande ta faɗa kan ɗiyarta ta rufe ta da jikinta.

Kalilu ya durƙusa ya danne bindigar da hannu biyu, ya ji tana motsi ƙarƙashin tafinsa kamar kaza.

"Ni na," ya ce. "Kalilu na. Ba wata mai nono. Gindin tsamiya nig gane shi, nid duba ba kowa, niɗ ɗauke."

Firdausi ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce ruwa take so. Kalilu ya ɗaga hannuwansa. Ba komai bisa tabarma sai danshin mai.

Kande ta zuba mashi ido.

"Na ce ni na, Kande," ya ce. "Har murfin ƙoƙon ni niɗ ɗauke."