Wanda Ya Jera Takalman Mai Begila

Rana ta fara karkata lokacin da aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawa a wani wurin sayar da katako. Sufeto ya ture kwanon abincinsa ya ɗauki hula. Shi mutum ne da ba ya son a cika masa kunne a kan gawa, don haka da isarsa ya sa Kofur ya kora 'yan kallo can bakin titi.

Mamacin dattijo ne siriri, yana kwance a inuwar rumfar kwano, gaban ɗakin maigadi. Akwai jini a ƙeyarsa, akwai kuma a jikin wani ƙarfe da ake ɗora katako. Amma ba jinin ne ya tsayar da Sufeto ba.

Gawar a miƙe take samɓal. An haɗe ƙafafun, an ɗora hannuwan a kan ɗinkin wando, an rufe fuskar da wata tsohuwar hular soja. An cire takalman an jera su a gefe, kai da kai, an cusa igiyoyin a ciki.

"Haka ka same shi?" ya tambayi mai wurin.

"Wallahi haka na same shi, ranka ya daɗe. Yau ba mu buɗe ba, na zo ɗaukar mukulli ne kawai."

"Ka san shi?"

"Wa bai san Mai Begila ba? Tsohon soja ne, shi ke busa musu ƙahon tashi a bariki. Aminin maigadina ne, Dogo. Tare suka yi yaƙi, tare aka sallame su, tare suke zaryar ofishin fansho har yau."

Aka aika aka kira Dogo daga gida. Ya zo, mutum zanƙalele mai furfura, ya ƙame gaban Sufeto kamar yana fareti. Ya ce gadin dare yake yi, kuma da gari ya waye ya kulle ƙofa ya wuce ofishin fansho, daga can ya tafi gida.

"Ka ga abokinka a can?"

"Layin da tsawo, ranka ya daɗe. Ban gan shi ba."

Har aka gama tambayoyin bai kalli gawar ba ko sau ɗaya. Sufeto ya ɗauka baƙin ciki ne, ya sallame shi.

Kafin magariba Kofur ya kamo ɗan mamacin. Maƙwabta sun ce da safe an ji shi yana ɗaga wa ubansa murya, har ya fita ya bugo ƙofa. Yaron ya ce gareji ya tafi, wurin aikinsa na kanikanci. Mai garejin kuwa ya rantse ko ƙeyarsa bai gani ba ranar. Shi ke nan, aka jefa shi ɗakin tsarewa.

Washegari da Sufeto ya iso aiki ya tarar da uwar yaron zaune a dandamalin ƙofar ofis. Ba ta kuka, ba ta roƙon kowa. Da ta gan shi ta miƙe da ƙyar.

"Ɗan nan, jiya na rasa miji," ta ce. "Shi kaɗai ya rage mini. In kuka tafi da shi, to ku haɗa da ni."

Sufeto ya wuce, maganar kuwa ta tsaya masa a rai. A ciki Oga, shugaban ofishin, na jiransa da fuska a murtuke. Oga irin mutanen nan ne da in fayil ya kwana biyu a teburinsu sai su ji kamar ƙaiƙayi yake musu.

"Ya yi faɗa da uban, ya yi ƙarya, me kuma kake nema? Gobe da safe a kai shi kotu."

Sufeto ya sa aka fito da yaron. Saurayi ne mai faɗin kafaɗa, da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, idanunsa sun kumbura.

"Ina ka je jiya?"

"Gareji."

"Kada ka mai da ni sakarai. Gobe alƙali zai yi maka wannan tambayar, shi kuma ba shi da haƙurina."

Yaron ya waiga wajen taga, inda ake hango mayafin uwarsa. Ya sassauta murya.

"Wurin ɗaukar sababbin sojoji na je. A kan haka muka yi faɗa. Baba ya ce in dai yana numfashi ba zan sa kaki ba. Ya ce in dube shi, in dubi Baba Dogo, in ga abin da ake zama. Ni kuma na ce masa garejin ba ya ciyar da mu. Don Allah kada ku gaya wa Inna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Wa zai shaide ka?"

"Mun fi ƙarfin ƙirge a filin nan, ranka ya daɗe. Layi bai ma zo kaina ba aka tashi."

Ba shaida ke nan. Sufeto ya dubi takalman yaron da aka ajiye a bayan kanta: ɗaya a nan, ɗaya a can, an take dunduniyarsu. Wanda ke yar da nasa haka, anya zai tsaya jera na wani cikin firgici?

Yana fita Kofur ya tare shi da saƙon likita. Duka ɗaya ne tak, a maƙogwaro, da hannu, irin na wanda aka koya wa. Faɗuwa a kan ƙarfen ce ta ƙarasa.

Daga nan ya wuce ofishin fansho. Sufeto ya sha ganin wahala a aikinsa, amma wurin nan sai da ya sa jikinsa ya yi sanyi. Tsofaffi ne reras a kan benci, wani da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe da fil. Kowa ya goge takalminsa yana sheƙi, kowa ya rungume jakar leda. Mutanen da aka taɓa tsayar da motoci don su wuce, yau ga su suna yi wa masinja ranka ya daɗe.

"Dogo ya zo nan jiya?"

Tsofaffin suka kalli juna. Can mai hannu ɗaya ya ce, "Ya zo mana. Yana can baya."

"A baya ina?"

"Baya dai." Ya sunkuyar da kai yana gyara jakarsa.

Sufeto bai matsa ba. Ya san waɗannan ko wuƙa aka sa musu a wuya ba za su ba da ɗan'uwansu ba. Sai ya tsallaka wurin wata mata mai sayar da shayi a gindin katanga, ya sa ta haɗa masa kofi ɗaya.

"Allah sarki Mai Begila," ta ce tun kafin ya tambaya. "Jiya a nan ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Magatakarda ya leƙo ya ce an amince a biya 'yan bataliyarsu haƙƙinsu gaba ɗaya. Ka ga tsoho yana rawa! Ya ce bari ya je ya taso ɗan'uwansa, ya kwasa a guje kamar yaro."

"Ashe Dogo ba ya nan."

"Ina fa. Ai karɓa-karɓa suke yi, in wannan ya zo yau, wancan ya zo gobe. Dogo in ya kwana gadi, a ɗakin gadin yake rama barci, wai gidansu hayaniya ta yi yawa."

Sufeto ya biya kuɗin shayin bai sha ba.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, yara na ta guje-guje. Matar Dogo ta taso daga bakin murhu tana goge hannu, da ganin kaki fuskarta ta sauya.

"Ba ya jin daɗi, yana kwance."

"Ki tashe shi, Mama. Magana ce gajeriya."

Ta ɗauko wata doguwar sanda da ke jingine a bango. Ta kori yaran. Ta ɗaga labule, amma ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta miƙa sandar ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ja da baya da sauri tana kiran sunansa.

Abin da Sufeto ya gani bai kai ƙiftawar ido ba. Tsohon da ke kwance kamar matacce ya zabura, hannunsa na dama ya sari iska daidai inda wuyan mutum zai kasance in da ya sunkuyo kansa. Sannan ya tsaya yana haki, idanunsa a buɗe amma ba ɗakin yake gani ba. Sai a hankali ya dawo.

"Kullum haka kike tashinsa?"

"Tun da ya dawo daga daji," ta ce. "Ba laifinsa ba ne."

Sufeto ya cire hula ya shiga ya zauna a bakin gado. Ɗakin fes yake, bargon a ninke da kusurwa huɗu, takalman Dogo a jere kai da kai, igiyoyin a cuse a ciki.

"Baba, jiya ba ka je ofishin fansho ba."

"Na je."

"Abokanka ma haka suka ce, kuma su ma ƙarya suka yi. Ni ban zo in yi maka tsawa ba. Na zo in gaya maka ɗan Mai Begila yana hannunmu. Gobe da safe za a kai shi kotu a kan kisan ubansa."

Dogo ya juya ya dubi matarsa. Ta toshe baki da gefen zane.

"Kin sani?"

"Na ji jiya da yamma. Na ce in ka fita ka yi magana, sun ɗaure ka, sun soke fanshon, mu kuma mu bi ina da yaran nan? Shekara nawa muna jira?"

"Yaron da aka haifa a hannuna," ya ce. "Haba, baiwar Allah."

Ya juyo wajen Sufeto. Ya dafa gwiwoyinsa, ya fara magana a tsare kamar mai ba da rahoto.

"Barci nake yi. Sai na ji an cafki kafaɗuna biyu ana girgiza ni. A inda muka yi aiki, ranka ya daɗe, in ka ji hannu a jikinka cikin barci, to ko kai ko shi. Da na farka sosai, Mai Begila na ƙasa a bakin ƙofa. Na ɗaga kansa, na kira shi, na kira shi. Bakinsa na motsi amma murya ba ta fita."

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Shi fa ya yanko wa matata sandar nan. Shi ya koya mata ta tsaya daga nesa. Duk duniya ba wanda ya san ciwona kamarsa. Ban san abin da ya shiga kansa ba jiya."

"Me ya sa ka gyara gawar?"

Dogo ya dube shi da mamaki, kamar an yi masa tambayar yara.

"In bar shi a karkace, kamar kare? Haka muke yi wa namu. Ko ana ruwan wuta sai mun miƙar da mutum mun rufe masa fuska. Bayan nan ne tsoro ya kama ni, ƙafata ta kawo ni gida."

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ke cina. Da dariya ya shigo, na ji ta cikin barci. Me ya zo gaya mini?"

Sufeto ya so a ce wani ne zai amsa. Ya yi shekaru yana kai wa mutane mugun labari, amma bai taɓa jin nauyin kai labari mai daɗi ba sai yau.

"An amince a biya ku, Baba. Ku duka."

Matar ta sulale ta zauna a ƙasa. Dogo ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Sannan ya jawo takalmansa ya sa, ya ɗaure igiyoyin tsaf, ya miƙe ya miƙa hannuwansa biyu.

"Bar shi," Sufeto ya ce wa Kofur da ya zaro ankwa. "Zai taka da ƙafarsa."

A mota Sufeto ya yi masa alkawarin zai rubuta komai yadda ya faru, har da sandar, har da maganar likita, ko alƙali zai sassauta. Dogo dai titi kawai yake kallo.

Da suka iso, matar Mai Begila na nan inda take tun safe. Ta ga mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin abinci a kwano ɗaya da mijinta ya sauko tsakanin 'yan sanda biyu. Ya tsaya a gabanta. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Sufeto, sai ta ja mayafi ta rufe idanunta.

A gaban kanta aka ce Dogo ya cire bel da takalma. Yana cikin kwance igiya aka buɗe ɗakin tsarewa, yaron ya fito yana kare ido daga haske. Da ya hango Dogo sai fuskarsa ta washe, ya taho da sauri ya riƙe hannunsa.

"Baba Dogo, na san ba za ka bar ni a nan ba. Belina ka zo yi?"

Kofur ya kau da kai. Sufeto ya tsura wa fayil ɗin hannunsa ido.

"Na zo, ɗana," in ji Dogo. Ya zare hannunsa a hankali. "Je ka wurin uwarka, tana waje tana jiranka."