Daga Inda Kwalta Ta Ƙare

A tashar Imlil, daidai inda kwalta ta ƙare, Lahsen ya fara ganinta. Yana tsugune yana gyara wa alfadararsa akumari sai wata farar bas ta tsaya, budurwa ta fito daga mazaunin direba, ta haye saman motar tana sauke jakunkunan baƙi da kanta. Masu alfadarai suka taso mata caa, kowa na neman kaya. Shi bai matsa ba. Lahsen yana da i'ina mai tsanani, ya kuma daɗe da sanin cewa kafin ya fitar da kalma guda an gama rabon kayan.

Ita ce ta lura da shi. Ta dubi alfadarar, ta ga babu gyambo a bayanta, linzaminta ma na igiya ne ba na ƙarfe ba, sai ta ce a ba mai jar alfadarar can jaka huɗu. Da ya matso ta tambaye shi sunansa. Ya kama harafin farko ya maƙale a kai, har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ta miƙo masa wayarta.

"Rubuta min, har da lambarka. Ni ma ban cika son surutu da safe ba."

Sunanta Tuda, 'yar Alhaji Bihi mai motoci bakwai da ke ɗauko masu hawan dutsen Tubkal daga Marrakesh. Motocin ubanta su kawo baƙi gindin dutse, daga nan kuma sai alfadarai, don babu tayar da ke hawa wannan hanya.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Baƙin sun yaba. Me sunan jar taka?"

Ya amsa: "Hamra. Ta ce in gaishe ki, wai ba ta taɓa ganin direba mai tausayin bayan dabba ba."

Daga nan hira ta ƙullu. A rubuce Lahsen ba ya tuntuɓe, har ya raɗa mata suna Tuffata, wato tuffarsa. Idan ya kai kaya masaukin da ke can sama, sai ya nemi inda waya ke kamawa ya zauna a kan dutse, Hamra na cin sha'ir a gefensa.

"Tuffata, yau gajimare yana ƙarƙashin ƙafata. Na duba ko zan hango motarki a kwanar Asni, ban gani ba, amma na san kina can kina zagin masu babur. Ki tuƙa a hankali, akwai mai jiranki."

"Nawa, ban zagi kowa ba, mutum biyu ne kawai. Ka sa safar hannun da na ba ka. Idan yatsunka suka daskare da me za ka yi min magana?"

Akwai wani Mbarek, jagoran baƙi mai lasisi, yana jin harsuna huɗu, kuma shi ke cika motocin Alhaji da fasinja. Alhaji ya riga ya ba shi Tuda a ransa. Shi kansa Alhajin da alfadari ya fara, shekara goma sha biyu yana bin bayan dabba, shi ya sa ko warin akumari ba ya son ji. Wata rana a hanyar Marrakesh Tuda ta sauka shan mai ta bar wayarta a gaban mota. Mbarek, da ke zaune a kujerar gaba, ya buɗe ya tura wa kansa duk abin da ya gani, ya kai wa Alhaji.

Ranar Juma'a aka aiko wa Lahsen cewa Alhaji na nemansa bayan sallah. Ya sa farar jallabiyar mahaifinsa marigayi, ya riƙo kan sukari, wato babban dunƙulen sukari, kamar yadda mai neman aure ke yi a garin. Ya tarar da falo cike da direbobi da jagorori, an gama cin kuskus ana zuba shayi.

Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka ba shi wuri a tsakiya.

"An ce kana da magana da ni, ɗana. Ga ni. Faɗe ta da bakinka kowa ya ji, ba ma sauri."

Lahsen ya buɗe baki. Ya samu ya ce Alhaji, ya ce na zo, sannan ya maƙale a kan sunanta. Babu wanda ya taimake shi. Wani direba ya duba agogo, wani ya ce a ƙara ɗora ruwan shayi tunda za a daɗe. Alhaji ya bar shi yana fama har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sai Mbarek ya ce bari ya sauƙaƙa masa. Ya ciro waya ya fara karanta saƙonnin Lahsen ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon i'inarsa a kan kowace kalma. Da ya zo kan "Tuffata" sai da wani ya ƙware da shayi. Mbarek ya ce Tuda ce ta ba shi saƙonnin, wai da su suke rage tsawon hanya, ita ma ta iya kwaikwayon fiye da shi.

Alhaji ya tura kan sukarin da ƙafa har gaban Lahsen.

"Kai wa alfadararka. Ita ce daidai kai."

Lahsen ya fita ko takalminsa bai saka daidai ba. Kafin ya kai ƙauyensu ya toshe lambarta. Bai san cewa tun safe an karɓe mata waya da makullin mota, an kai ta gidan gwaggonta a Asni ba.

Washegari Alhaji ya ba direbobinsa umarni kada wanda ya ƙara ba Lahsen ko jakar hannu. Jagorori ma suka bi sahu, don babu mai son ɓata da mai motoci. Abin da ya rage masa shi ne aikin da kowa ke gudu, wato kai tukwanen gas da buhunan siminti masaukin sama a tsakiyar hunturu. Masu alfadaran da suka taso tare suka koma kiransa Tuffata idan ya wuce.

A wata na biyu, a sama da kabarin wani waliyyi inda hanya ta ƙuntata, Hamra ta taka ƙanƙara ta zame. Ta gangara da kayanta har ta daki wani dutse. Da ya sauka ya tarar ƙafarta ta gaba ta karye, ƙashi ya fito. Ya kwance mata kaya, ya tallabi kanta, tana numfashi tana kallonsa. A haka Mbarek ya zo wucewa da baƙi shida. Ya leƙo ya ce masa ya yi mata saƙo mana, ko za ta tashi. Ya faɗa wa baƙin wani abu da yarensu, biyu daga ciki suka ɗauki hoto, suka wuce.

Lahsen ya jira har suka ɓace. Ya rufe mata ido da rawaninsa, ya yi abin da ya zama dole da wuƙar da yake yanka igiya. Shekararsu tara tare.

Kwana huɗu bai fita ba. A na biyar, da hantsi, yana zaune a ƙofar garken da babu kowa ciki, sai ya ga Tuda tana hawowa a ƙafa, takalminta na gida ya jiƙe sharkaf. A bayan motar kayan miya ta zo daga Asni, sauran hanyar kuma ta taka.

Ya tashi zai shige ciki. Ta ce ya tsaya, ba sai ya ce komai ba. Ta gaya masa yadda aka yi da wayar, da yadda aka kulle ta, da cewa jiya kawai ta ji labarin Juma'ar da na Hamra daga bakin matar wani direba, wadda take ba da shi tana dariya.

"Ka yarda zan iya yi maka haka, Lahsen? Wata biyu kana ɗauke da wannan a ranka?"

Ya laluba aljihu zai ciro waya. Ta riƙe masa hannu.

"A'a. Da bakinka. Ni ba na duba agogo."

Ya daɗe yana fama da kalmomin. Ta tsaya tana rawar sanyi har ya gama. Abin da ya ce shi ne ya yarda, don ya fi sauƙi ya yarda ta raina shi da ya yarda mace irinta za ta so shi. Ta ce wannan ne kawai zagin da ba za ta yafe masa da wuri ba. Sannan ta zauna a bakin garken ta yi kukan Hamra, shi ma sai a lokacin ya yi nasa.

Alhaji Bihi bai sauko daga fushinsa ba. Ya ce idan ta aure shi kada ta ƙara taka gidansa, kuma ko gawarta motarsa ba za ta ɗauka ba. Yayansa, Baffa Hmad, tsohon mai alfadari da gwiwa ta ajiye, shi ya je ya same shi. Ya tuna masa cewa da kan sukari ɗaya shi ma ya je neman uwar Tuda, yana warin dabba. Alhaji ya ce a raka shi ƙofa. Baffa ya koma ya ce shi zai tsaya mata a matsayin waliyyi, ya kuma ba ango tsohuwar alfadararsa ya fara da ita.

Aka ɗaura aure da kaka, lokacin tsinkar tuffa. Ranar Alhaji ya tura dukkan motocinsa Marrakesh don kada direba ko ɗaya ya halarta. Masu alfadarai uku ne suka zo, su ma suna waige. Mbarek kuwa a watan aka ba shi kula da motoci biyu.

Bayan la'asar, mata na buga ganga a tsakar gida, sai aka hangi wata dattijuwa tana hawowa ita kaɗai, tana tsayawa tana haki, da bargon ulu naɗe a bayanta. Lalla Yamna ce, mahaifiyar Tuda, wadda ta shekara ashirin ba ta taka wannan hanya ba. Ta ce ba za ta zauna ba, dole ta koma kafin Alhaji ya dawo, kuma ta san abin da za ta tarar idan wani ya kai masa labari.

Ta yafa wa 'yarta bargon da ta saƙa mata tun tana ƙarama. Ta kira Lahsen, ta kama hannunsa ta haɗa da na Tuda.

"Ba ni da abin da zan kare ku da shi, 'ya'yana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu tausayi, Ya sa ku tsufa tare."

Suka amsa da amin. Lahsen ya ɗora surukarsa a kan alfadarar Baffa, ya riƙe linzami, amarya na biye da su da lallenta da komai, suka raka ta har kwanar da ake fara hango rufin gidan Alhaji. Nan ta sauka ta ƙarasa a ƙafa. Su kuma suka juya, suka hau gida tare.